Wasan Ƙamus a Rigachikun: Tarihin Cankar Ma'anar Kalma a Tsakanin Malamai

Gabatarwa

A cikin wasannin da Hausawa suke yi da fatar baki, waɗanda aka fi yin rubutu a kansu su ne tatsuniya da kacici-kacici da karin magana da zaurance da kuma maganganun karya harshe. Akwai kuma wani wanda bai samu shiga littattafan makaranta ba, domin shi ba wasan dandali ba ne, wasan masu karatu ne. Yadda ake yin sa shi ne, mutum ɗaya ya kawo wata baƙuwar kalma wadda jama'a ba su saba ji ba, sa'annan a jero mata ma'anoni uku ko huɗu ko fiye, ɗaya tak ce ta gaskiya, sauran duk shaci-faɗi ne da aka ƙaga aka yi musu ado, sai a ce kowa ya canki ta gaskiyar. Mu dai a Rigachikun, inda na yi shekaru ina koyarwa, sunan da muke kiran sa da shi shi ne wasan ƙamus.

Rigachikun gari ne na ƙasar Zazzau, a Ƙaramar Hukumar Igabi, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, kuma layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ta gefensa. Tun da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya zama mashigar birni ga duk wanda ya taso daga Zariya ko Kano ko Katsina. Daga baya kuma ya zama garin malamai, domin a nan hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da Basakkwace da Bakatsine da Bakano da Bazazzage a kan tabarma ɗaya bayan sallar isha'i, kowa yana da'awar Hausar garinsu ce Hausa. A irin wannan zama na koyi wasan, a ƙarshen shekarun 1980. Wannan maƙala za ta bi tushensa, da littattafan da ya dogara a kansu, da kuma wata ɓarna da ni da kaina na yi da shi.

Daga dandali zuwa zaure

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda ake kacici-kacici. A ce maka ƙulun-ƙulufit, ka ce gauta. In ka kasa, sai ka ba da gari, mai tambaya ya karɓi Kano ko Katsina ya ci ya sha a cikinta da baki, sa'annan ya faɗa maka amsa. Abin lura a nan shi ne, ita ƙulun-ƙulufit ba ta da wata ma'ana a maganar yau da kullum. Amon kalmar ne kawai yake nuna wani abu dunƙulalle. Wato tun yaro yana ƙarami ana horar da kunnensa ya ji kalma ya auna siffar abin da take nufi. Wannan horo shi ne jarin mai wasan ƙamus, kuma shi ne raminsa, domin sau da yawa amon kalma yakan ja mutum gabas alhali ma'anarta tana yamma.

Amma a ganina tushen da ya fi kusa da wasan yana zauren malamai ne. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun littattafai, ba ya daɗewa zai ci karo da fannin lugga, inda ake haddace baƙin kalmomin Larabci waɗanda su kansu Larabawa sai sun duba. Ishiriniya cike take da su, haka waƙoƙin mawaƙan nan shida na zamanin jahiliyya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da yake lissafa abin da ya karanta a wurin Shehu, ya ambaci waɗannan littattafai, kuma wanda ya karanta waƙoƙinsa na Larabci ya san shi ma gwanin zaƙulo baƙuwar kalma ne. Ɗalibai kuwa, a ko'ina suke, ba su rasa gwada juna. In malam ya shiga gida, sai wani ya jefo kalma ya ce a fassara, wanda ya yi zuƙi-ta-malle a yi masa dariya.

Littafin da ya mai da wannan gwaji sana'a shi ne Maƙamatu na Hariri, mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122. Maƙama hamsin ce, kuma har yau ana karanta ta a zaurukan Zariya da Kano da Sakkwato. A cikin ta 32 an yi wa gwarzon littafin tambayoyin fiƙihu guda ɗari, yana ba da amsoshin da in ka ji sai ka ce ya yi kwaɓa, alhali daidai ya faɗa, domin kowace tambaya an gina ta ne a kan kalma mai ma'ana biyu, sananniya da ɓoyayyiya. Alal misali, kalmar da kowa ya sani da ma'anar takalmi, a can tana nufin matar aure, don haka hukuncin taɓa ta ga mai alwala ya sauya.

Akwai kuma labarin da malaman lugga suke tsoratar da ɗalibai da shi, wanda ake jingina wa wani masani mai suna Sa'idu Albagadadi, da ya zauna a Kurɗuba ta Andalus a zamanin Almansur, wajen shekara dubu da ta wuce. An ce mutum ne da ba a taɓa tambayar sa ya ce bai sani ba. Sai wasu suka haɗa baki, kowa ya kawo harafi ɗaya, suka ƙera kalmar da babu ita, wato khunfushar, suka kai masa. Ko gezau bai yi ba, ya ce ai wani tsiro ne da Larabawan ƙauye suke daskarar da madara da shi, har ya ƙaga baitin waƙa nan take ya kafa hujja. Har yanzu Larabawa suna kiran maganar da ba ta da tushe da wannan suna. A wannan labari duk sassan wasanmu sun hallara: baƙuwar kalma, da ma'anar ƙarya mai kama da gaskiya, da masu sauraro da ke jiran su ga wa zai faɗa.

Ita kanta kalmar ƙamus ta isa a yi wasa da ita. Asalinta a Larabci teku take nufi. Firuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, shi ya sa wa littafinsa na lugga suna Alƙamusul Muhiɗ, wato teku mai kewayewa, littafin ya shahara har sunansa ya zama sunan kowane littafin ma'anar kalmomi. Na taɓa cinye malamai bakwai da wannan, ga kuma ƙamus ɗin a gabansu.

Alƙalin wasa

Wasan ba ya yiwuwa sai da alƙali wanda kowa ya yarda da hukuncinsa, kuma a Hausa ba a samu irin wannan alƙali a rubuce ba sai da aka daɗe. Wanda ya fara tattara kalmomin Hausa cikin littafi da haruffan boko shi ne J. F. Schön, Bajamushe ɗan mishan, wanda ya biyo ayarin binciken kogin Kwara na 1841. Ya fitar da ɗan littafin kalmomi a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876. Shi Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Yawancin Hausarsa ta baya ya same ta ne daga bakin Dorugu, wani yaro daga ƙasar Damagaram da aka taɓa kamawa bauta, wanda Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Dorugu ya dawo, ya yi aiki da Turawa, har ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano kafin rasuwarsa a 1912. Bayan Schön sai C. H. Robinson, wanda ya zo Kano a 1894, ya fitar da nasa a 1899 da 1900, sai kuma Mischlich da na Jamusanci a 1906.

Duk waɗannan share fage ne. Littafin da ya zama alƙali shi ne na G. P. Bargery, wanda aka buga a 1934 bayan aikin fiye da shekara goma. Yana da shafi sama da 1,200 da kalmomi wajen 39,000, an nuna tsawon wasali da karin sauti na kowace kalma, an kuma nuna wadda ta Sakkwato ce ko ta Katsina ko ta Zazzau ko ta wani yanki. Abin da ya ba shi daraja a wurin mai tarihi shi ne lokacin da aka yi shi. A shekarun 1920 akwai sauran tsofaffin da suka yi yaƙi da lifidi, da fataken da suka je Gwanja da jakuna, da 'yan kasuwar da suka ƙirga wuri, da waɗanda suka yi bauta da waɗanda suka mallaki bayi. Daga bakinsu, ta hannun malamai Hausawa da suka yi aikin tare da shi, aka kwashi kalmomin. Sunan Bature ne a bangon littafin, amma ilimin na waɗannan mutane ne. R. C. Abraham, wanda ya taimaka a aikin Bargery, ya fitar da nasa a 1949 tare da Malam Mai Kano, aka sake buga shi a 1962.

Sai dai duk waɗannan ƙamusoshi da harsunan Turawa suke bayani. Haka ma ƙaramin nan na Paul Newman da Roxana Ma Newman na 1977 da ya yaɗu a makarantu. Ƙamus babba mai fassara Hausa da Hausa bai zo hannunmu ba sai a 2006, lokacin da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Ke nan a zamanin da nake magana, mai riƙe da littafi sai ya karanta ma'ana da Turanci, ya juya ta zuwa Hausa a ransa, sa'annan ya rubuta. Wanda Turancinsa bai nuna ba, yakan ɓata gaskiyar da kansa tun kafin maƙaryata su sa hannu.

Kwafin da muke da shi bugun farko ne, na wani tsohon hedimasta Bakatsine wanda bai koma gida ba bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Bangon ya cire, wani baduku ya yi masa sabo da jar fata, gara kuma ta ci wasu shafuka na harafin Z. Ba a sake buga littafin a nan gida ba sai a 1993, a maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello, tare da ƙarin kalmomi da Neil Skinner ya yi. Kafin nan, samun Bargery a gari kamar samun doki ne.

Yadda muke yi

Mukan taru mu shida zuwa goma a ƙofar gidan hedimasta, da fitilar ƙwai in babu wuta. Mai riƙe da littafi ya buɗa, ya zaɓi kalma, ya faɗe ta sau biyu da karin sautinta daidai. In akwai wanda ya santa, amana ce ya ce ya sani, a sauya wata. In babu, kowa ya yagi takarda ya rubuta ma'anar da ya ƙaga, shi kuma mai littafi ya rubuta ta gaskiya. A zuba a hula a girgiza, ya karanta su duka da murya ɗaya, ba dariya, ba kashe ido. Sa'annan a bi layi kowa ya zaɓa. Wanda ya canki gaskiya ya ɗauki ƙwallon dabino ɗaya. Wanda aka zaɓi ƙaryarsa ya ɗauki ɗaya a kan kowane mutum da ya rufta. In kowa ya kasa, sai mu ba mai littafi gari kamar yadda muka saba tun muna yara, kuma hedimasta bai taɓa karɓar wani gari ba in ba Katsina ba.

Ba a ɗau lokaci ba muka gane cewa kalmomin da suka fi kayar da mu ba na wata nisan duniya ba ne, na sana'o'in kakanninmu ne. A fannin yaƙi, samarin cikinmu ba su san asigiri mashi ne na ƙarfe zalla ba, wani ma ya ci dabino huɗu da ya ce wai maganin sanyin ƙashi ne. A fannin dawaki an san kili fari ne, amma akawal, wato baƙin doki, sai da aka kai ruwa rana. A gini, kowa yana ganin soraye a Zariya, har da masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, amma kaɗan ne suka san katsi shi ne dagwalon da ake kwasowa daga gindin karofi a ƙone, a haɗa laso da shi a shafe rufin soro don kada ya yi yoyo. Mai koyar da lissafi a cikinmu ya sha kunya a kan ƙirgan wuri: bai san hauya ashirin ba ce, zangu ɗari, zambar dubu.

Daren da ba na mantawa shi ne na keso. Mai littafi ya rubuta cewa wuri dubu ashirin ne. Wani malami mutumin ƙauye, da ya ga kowa ya yi shiru, ya ɗauka akwai wata keso dabam, sai ya rubuta abin da ya sani tun yana yaro, wato tsohuwar tabarma da ta mutu. Aka karanta, aka zaɓa, gardama ta kaure. Da aka koma littafi sai ga su duka biyu. Maigadin makarantarmu, dattijo ne da ke zama gefe yana sauraro, shi ya warware mana. Ya ce, “Malamai, ai abu ɗaya ne. A cikin tabarma ake ɗinke wurin a ɗora wa jaki ko ɗan dako, shi ya sa buhun ya ci sunanta.” Daga ranar muka sa doka cewa in Baba ya yi magana a kan kalma, a dakata da littafi a saurare shi. Sau da yawa littafi yakan ba da ma'ana a layi biyu, shi kuwa ya ba da dalilinta da wanda ya gani yana aiki da ita.

Dabarar cin wasan kuwa, duk wanda ya daɗe a ciki ya san ta. Ƙaryar da ta yi nisa da gaskiya ba ta kama kowa. Wadda ke ci ita ce mai bin salon ƙamus, gajera, mai sanyi, wadda ta ambaci wata sana'a ko wani gari, kamar a ce “a Hausar Gobir” ko “a wurin majema”. Mafi haɗari kuma ita ce wadda ta raɓi gaskiya ta goge ta kaɗan.

A ƙasashen Turai

Wani abokin aikinmu da ya yi kwas a Ingila shi ya ba mu labarin cewa Turawa ma suna yi, har a talabijin. Gaskiya ya faɗa. Gidan BBC ya fara wani shiri mai suna Call My Bluff a 1965, wanda ya samo daga wani irinsa na Amurka. Ƙungiya biyu ce, mutum uku-uku, a ɗauko baƙuwar kalma daga babban ƙamus na Oxford, mutum uku su ba da ma'ana uku, ɗaya bangaren ya zaɓa. Shirin ya ci gaba har 1988, aka kuma dawo da shi a 1996 ya ƙara wasu shekaru. A Kanada an mai da wasan kayan sayarwa a cikin kwali a 1984 da sunan Balderdash. Bambancinmu da su shi ne, su kalmomin da suke wasa da su yawanci sun daɗe da mutuwa, sai a takarda. Namu kuwa masu su suna raye, wani yana gadi a bakin ƙofa, wata tana sayar da ƙosai a tasha.

Su ma alƙalinsu yakan yi tuntuɓe. A 1934, shekarar da Bargery ya fito, babban ƙamus na Webster a Amurka ya fito da wata kalma, dord, wai tana nufin nauyin abu gwargwadon girmansa. Ashe babu ita. Wani masanin kimiyya ne ya aika da 'yar takarda cewa ana taƙaita wannan ma'ana da babban D ko ƙaramin d, kuma kalmar “ko” a Turanci haruffa biyu ce, o da r, sai aka haɗe su duka aka ɗauka kalma ce. Shekara biyar tana zaune a cikin littafin kafin wani edita ya gano ta a 1939.

Murgu

Yanzu sai in zo kan laifina. Wata rana da damina, hedimasta ne ke riƙe da littafi, ya jefo kalmar murgu. Baba maigadi ba ya nan, yana jinya. A cikinmu akwai wani saurayi sabon malami, haifaffen cikin garin Kaduna, yaro mai ƙwazo da ke yawo da ɗan littafi yana rubuta duk sabuwar kalmar da ya ji. Ni na taɓa jin kalmar sama-sama a bakin kakata, na san dai tana da alaƙa da kuɗin da wani ke ba maigidansa, amma ban faɗa ba kamar yadda doka ta ce, domin ina kwaɗayin dabino. Sai na rubuta cewa murgu shi ne kuɗin goro da ɗan koyo yake kai wa maigidansa ranar da aka yaye shi daga sana'a. Hedimasta ya karanta da muryar nan tasa mai nauyi. Mutum biyar suka zaɓi tawa, har da saurayin. Kafin a bayyana gaskiya sai hadari ya taso da iska, fitila ta mutu, aka kwashi littafi a guje don kada ya jiƙe, kowa ya kama gabansa. Washegari aka ci gaba da wata kalma, ba wanda ya koma kan ta jiya. Ni na je na duba daga baya, na ga abin da take nufi, na yi shiru.

Ga abin da take nufi. Murgu shi ne kuɗin da bawa yake biyan ubangijinsa, a kullum ko a mako ko yadda suka shirya, domin a bar shi ya je ya yi aikin kansa. Abin da ya rage bayan ya biya shi ne nasa, kuma daga ciki ne mai rabo yake tara kuɗin fansa. Ƙasar Zazzau kuwa tana cikin wuraren da aka fi yawan rinji, wato ƙauyukan bayi masu noma gandun sarakuna da attajirai, kamar yadda M. G. Smith ya nuna a littafinsa kan mulkin Zazzau na 1960, da kuma labarin Baba ta Karo da matarsa Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954. Da Turawa suka zo ba su 'yanta bayi gaba ɗaya ba. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kamu da saye da sayarwa, ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, amma manya da ke hannu aka bar su su fanshi kansu, kuma ta hanyar murgu da yawa suka yi, a gaban alƙalai. Ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai a 1936. Wato lokacin da ake rubuta kalmar a cikin Bargery akwai masu biyan murgu da ransu.

Irin wannan kalma ba tsufa kaɗai ke kashe ta ba. Jikokin masu biya ba su son a tuna, jikokin masu karɓa ma ba su so, sai a taru a yi shiru. Ni kuma na zo na sa mata riga mai kyau, na mai da bawa ɗan koyo, na mai da ubangiji maigidan sana'a, na mai da kuɗin tilas goron godiya.

Bayan shekara bakwai, an mai da ni aikin duba makarantu, na shiga wata firamare a wani ƙauye da ke gabas da hanyar Zariya. Darasin Hausa ake yi a aji shida, a kan sana'o'in gargajiya. Na zauna a baya na ɗaga kai, sai ga maganata a kan allo da alli, kalma bayan kalma, yadda na rubuta ta a daren nan. Malamin shi ne saurayin, ya zama magidanci. Yara suna maimaitawa da ƙarfi.

Na bari aka tashi, na ja shi gindin wata bishiya. Na ce, “Malam, wannan murgu a ina ka samo ta?” Ya yi murmushi ya ce, “Ranka ya daɗe, ai a wurinku. Daren nan da aka yi ruwa, hedimasta ya karanta ta daga Bargery.” Ya shiga ofis ya ɗauko ɗan littafinsa, ya nuna mini, har da kwanan wata. Na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya daɗe bai ce uffan ba. Sa'annan ya ce ba ajinsa kaɗai ba ne, ya taɓa ba wasu malamai biyu aron littafin sun kwafa, ɗaya an mai da shi wajen Birnin Gwari, ɗayan kuma ya bar koyarwa.

Da aka dawo daga tara na roƙe shi ya ba ni ajin. Na goge allon da hannuna, na rubuta ma'anar gaskiya, na yi musu bayanin rinji da gandu da fansa gwargwadon abin da yaro zai ɗauka, na kuma gaya musu cewa kuskuren nawa ne, ba na malaminsu ba. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce yayanta ya yi wannan aji bara waccan, kuma littafinsa yana gida, ko ta je ta gyara masa? Na ce ta gyara. Malamin ya bi ni har bakin babur yana ƙirga shekarun da yatsunsa, ya ce wannan ne aji na shida da ya koya wa.